Rago Ɗaya, Tumaki Dubu: Barbarar Hannu da Makomar Tumakinmu



Gabatarwa

Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka ce, to, me ya haɗa malamin Hausa da mahaifar tunkiya? Suna da gaskiyar tambaya. Ni ba likitan dabbobi ba ne, kuma ina ganin wasu daga cikin masu wannan fanni a zaune a nan gaba, saboda haka in na yi tuntuɓe sai su tallafe ni. Abin da ya kai ni ga wannan magana kuwa shi ne aikina na yau da kullum, watau farautar kalmomi. Na daɗe ina tattara kalmomin da Hausawa ke amfani da su a kan kiwo, wannan aiki ne kuma ya kai ni Dutsen Abba, a nan karkarar Zariya. Na tafi neman kalma, sai na komo da tambaya. Tambayar ce nake so mu duba tare a yau: mene ne ya sa tumakinmu ba su ƙara kyau daga shekara zuwa shekara, alhali kuwa babu mutanen da suka fi mu son rago mai kyau? Sa'an nan wace rawa dabarar nan ta ɗura wa tunkiya maniyyin rago da hannu za ta iya takawa wajen gyara?

Abin da na gani a Dutsen Abba

Wata rana da hantsi na zauna a zauren wani gida, aka yi mini iso wurin wata dattijuwa mai tumaki biyar. Muna cikin hira, ina rubuta sunayen launi da na cututtuka, sai ta nuna mini 'ya'yan tumakin bana, ta ce, "Malam, dubi abin da suka haifa mini, kamar 'ya'yan kyanwa." Na ce, "Iya, wane rago ne ya hau su?" Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, wa ya sani? Da rani suka fita, suka komo da ciki."

Abin mamaki, a cikin gidan nan akwai turke, a jikin turken kuwa har bara akwai wani ƙosasshen rago na ɗanta, mai jinin Balami, wanda duk wanda ya shigo sai ya tsaya ya dube shi. Wata takwas ana ba shi dusa da harawa da angurya, ana yi masa wanka. Ko sau ɗaya ba a bar shi ya kusanci tunkiya ba, don an ce barbara tana ramar da rago. Da Babbar Salla ta matso aka kai shi kasuwar Tudun Wada, aka sayar, aka yi layya da shi. Ya bar duniya ba ɗa ba jika. Ragunan da suka rage suna yawo a bayan gari kuwa su ne ƙananan nan da ba wanda ya taya, su ne kuma iyayen tumakin gobe.

Jama'a, wannan ba labarin gida ɗaya ba ne. Kowace shekara mukan zagaya garke, mu zaɓi ragon da ya fi girma da lafiya, mu raba shi da tumaki, mu yanka. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun karantar da mu cewa a wajen layya ragon da ba a dandaƙe ba shi ne a gaba, sa'an nan dandaƙaƙƙe, sa'an nan tunkiya. Ibada ce, babu kuma mai cewa a miƙa wa Ubangiji abin da ya fi muni. Amma addini bai ce kada rago ya bar iri kafin a yanka shi ba. Wannan sakacinmu ne. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To, mu barewar muke yankawa, mu bar mai rarrafe ya yi ta haihuwa. Daɗin daɗawa, a garken da ba a kula, ɗa kan hau uwarsa, wa ya hau ƙanwarsa, jini ya yi ta komawa wuri ɗaya har iri ya tsumbure.

Asalin dabarar

Abin da ake nufi da barbarar hannu shi ne a karɓi maniyyin namijin dabba a cikin mazubi mai tsabta, a duba shi a madubin likita a tabbatar yana da rai, a sirka shi, a raba shi kashi-kashi, sa'an nan a zuba wa mata da yawa a lokacin da suke neman namiji. Ba sabon abu ba ne. Wajen shekarar 1780 wani masani ɗan Italiya mai suna Spallanzani ya gwada a kan karya, ta ɗauki ciki, ta haihu. Daga 1899 wani Barashe, Ivanov, ya mai da abin aiki sosai a kan dawaki da sauran dabbobin gida, kafin ƙarshen shekarun 1930 kuwa ana yi wa miliyoyin tumaki a Tarayyar Sobiyat. A 1949 wasu masana uku a Ingila, Polge da Smith da Parkes, suka gano cewa in an sa gilisarin a cikin maniyyi, ana iya daskarar da shi ya farfaɗo da ransa. Daga baya aka koma ajiye shi a cikin ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri. A cikin wannan sanyi sai a ajiye irin bijimi shekara da shekaru, ya yi ta haihuwa bayan an daɗe da cinye namansa.

A wajen shanu wannan dabara ta yi nasara ƙwarai. A wajen tumaki kuwa sai aka ci karo da wata wahala, wadda ya kamata kowane ma'aikacin gwamnati da zai sa hannu a takardar sayen kayan wannan aiki ya san da ita.

Wahalar tunkiya

Tunkiya takan nemi rago duk bayan kwana 17, neman kuma ba ya wuce kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ba ta kuka da hawan 'yan'uwanta kamar saniya, saboda haka in babu rago kusa da wuya mai ita ya gane. Wannan ita ce wahala ta farko. Maganinta shi ne a sa wa tumaki wani ɗan soso mai ɗauke da sinadari a cikin farjinsu, ya kwana 12 zuwa 14, a cire, a yi musu allura. Bayan kamar awa 55 sai a yi musu ɗuri gaba ɗaya, don duk sun zo neman rago a lokaci guda.

Wahala ta biyu ta fi wannan. Bakin mahaifar saniya yana barin siririn bututu ya wuce har ciki, ma'aikaci kuma yana iya riƙe shi da hannu ya daidaita. Na tunkiya kuwa ƙarami ne, ga shi da zobba a jere waɗanda ƙofofinsu ba su fuskanci juna ba, kamar tsohon gidan sarauta mai zaure bayan zaure, kowane da ƙofarsa a wata kusurwa. Bututu ba ya wucewa. Dole a zuba maniyyin a bakin ƙofa, ya ƙarasa da ƙarfinsa. Wanda aka daskarar aka narkar ya riga ya galabaita, kaɗan ne daga cikinsa ke kaiwa, shi ya sa tumakin da ke ɗaukar ciki ta wannan hanya ba su da yawa.

Hanya biyu aka samu. Ta farko ita ce a yi aiki da ɗanyen maniyyi: a karɓa da safe, a sirka shi da wani ruwa da akan haɗa da madara, a sanyaya shi zuwa digiri 15, a yi amfani da shi kafin awa takwas zuwa goma. Abin da rago ya bayar sau ɗaya, wanda bai fi cikin ƙaramin cokali ba, yakan ishi tumaki wajen goma. Ta biyu ita ce wadda aka fito da ita a Ostireliya a 1982: a kwantar da tunkiya, a huda cikinta ƙanana biyu, a leƙa da madubi mai fitila, a zuba maniyyin a cikin mahaifa kai tsaye. Wannan tana ba da sakamako mai kyau ko da daskararre ne, amma tana bukatar gwanin likita da kaya masu tsada. Ba aikin da za a yi wa tumaki biyar a tsakar gida ba ne.

Darasin Faransa

Lokacin da nake karatu a Turai na taɓa cin wani cuku mai ɗigon shuɗi-shuɗi da ƙarfin wari, wanda da farko na ɗauka ya lalace. Aka ce mini sunansa Roquefort, da nonon tumaki ake yin sa a kudancin Faransa, kuma tun 1925 doka ta hana a kira wani cuku da wannan suna in ba na can ba ne. Tumakin da ake tatsa ana kiran su Lacaune. A cikin shekarun 1960 tunkiya ɗaya ba ta ba da lita ɗari a shekara. Bayan shekara talatin zuwa arba'in sai ga 'ya'yan jikokinta suna ba da ninki uku na wannan. Ana yi wa dubban ɗaruruwan tumakin nan barbarar hannu kowace shekara da ɗanyen maniyyi, kamar biyu cikin uku kuma suna ɗaukar ciki.

Wanda ya ji wannan zai ce, to ai shi ke nan, a sayo mana bututu. A nan ne kuskuren yake. Bututu ba ya ƙara wa tunkiya nono ko ɗigo ɗaya. Abin da makiyayan can suka fara yi shi ne haɗa kai da riƙe alƙalami. Kowace tunkiya tana da lamba a kunne, an san uwarta, an san ubanta. Ma'aikaci yakan zagayo a kai a kai ya auna nonon kowace ɗaya ya rubuta. Matasan raguna kuwa, sai a raba maniyyin kowannensu a garkuna dabam-dabam, a jira 'ya'yansa mata su girma su haihu, a auna nononsu. Ragon da 'ya'yansa suka fi, shi ake riƙewa a yaɗa irinsa, sauran a kai su mahauta. Watau rubutu shi ke nuna rago nagari, bututu kuwa dillali ne kawai, yana kai irinsa inda ƙafarsa ba za ta kai ba. In ba a san nagarin ba, dillalin nan zai kai na mugu da irin wannan sauri. Rago ɗaya mai aibi a garke ɗaya ɓarnarsa kaɗan ce, amma in aka raba shi ga tumaki dubu, an ɓata gari.

Abin da muke da shi a Shika

Kada wani ya ce wannan duk labarin Turawa ne. A nan kusa da mu, a kan hanyar Funtuwa, akwai Shika. A 1928 aka buɗe gonar dabbobi a can domin gyaran irin shanu, daga baya ta shigo ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, a 1976 kuma ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa baki ɗaya. An daɗe ana barbarar hannu ga shanu a wurin, ana haɗa farar saniyarmu Bunaji da irin shanun madara na Turai. A cikin shekarun 1980 masana a can, irin su O. A. Osinowo, sun yi bincike a kan maniyyin ragunanmu da yadda za a sa tumaki 'yan ƙasa su nemi rago a lokaci ɗaya. Ilmin yana nan, tsakaninsa da Dutsen Abba kuwa bai kai tafiyar awa biyu a mota ba. Ga mai aiki da ɗanyen maniyyi, wanda awa takwas ce iyakarsa, wannan babbar sa'a ce.

Muna kuma da iri uku da Allah ya ba mu. Akwai 'yar ƙasa, fara mai baƙi a ido da kunne da baki, matsakaiciya, mai juriyar damina irin ta Zazzau. Akwai Uda, mai dogayen ƙafafu, gabanta baƙi ko ja, bayanta fari, ta makiyaya masu dogon zango. Akwai Balami ta wajen Barno, fara fat, mai ƙaton jiki da lanƙwasasshen hanci da dogayen kunnuwa. Tumakinmu sun fi na Turai da abu guda: su na Turai sai rana ta fara gajarta suke neman rago, namu kuwa kowane wata na shekara suna iya ɗaukar ciki. Tun da cikin tunkiya wata biyar ne, wadda ta ƙoshi tana iya haihuwa sau uku a shekara biyu.

Amma a yi hattara da ruɗin girma. Balami ɗan busasshiyar ƙasa ne, 'yar ƙasa kuwa ta saba da laima da tsutsar ciki ta wajenmu. In muka bi ido muka shafe 'yar ƙasa da jinin Balami, muna iya samun manyan raguna da ba su kai ƙarshen damina. Gyaran 'yar ƙasa da mafi kyawun 'yan ƙasa ya fi aminci, ko da ya fi jinkiri.

Nonon tunkiya a wurinmu

Wani zai ce, ai mu ba mu tatsar tumaki. Gaskiya ne, a ƙasar Hausa nono na saniya ne, sai na akuya ga yaro ko marar lafiya, ko da yake makiyaya a arewa da mu, a Jamhuriyar Nijar, suna tatsar tumakinsu. Amma tunkiya tana da mai tatsarta, shi ne ɗanta. A makonnin farko ba shi da abinci sai hantsar uwarsa. Wadda ta haifi tagwaye ba ta da nono, sau da yawa ɗaya ke mutuwa, ɗayan ya tashi a tsumbure. Ragon layyar da muke alfahari da shi, a hantsar uwarsa ya fara girma. Saboda haka in za mu zaɓi rago, kada mu tsaya ga ƙahonsa da gezarsa. Mu tambaya: wace ce uwarsa? Tana haihuwa a kan kari? Tana raya tagwaye? Wannan tambaya kuwa mata ne ke da amsarta, domin a yawancin gidajenmu tumaki na mata ne, su ke ba su dusa da kanwa, su suka san wadda ta yi ɓari da wadda ta zama juya.

Har wa yau, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tunkiyar da ta rame a ƙarshen rani ba ta ɗaukar ciki da kyau, ko da ragon Sarki aka kawo mata. Ƙarin abinci na 'yan makonni kafin barbara, da kuma a makonni shida na ƙarshen ciki, yana ƙara yawan 'ya'ya da nono tun kafin a yi zancen likita.

Maganar suna

Yanzu bari in koma gonata. Me za mu kira wannan aiki da Hausa? Na ji masu cewa allurar ciki. Ina roƙon ma'aikata su guji wannan suna. Yana sa mutum ya zaci allura ce ke halittar ciki ba tare da uba ba, daga nan sai zargi. Ba mu manta abin da ya faru a 2003 ba, lokacin da jita-jita a kan haihuwa ta sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa har cikin 2004, yara suka ɗanɗana kuɗarsa. Duk abin da ya haɗa allura da mahaifa, mutanenmu za su tsaya su duba shi sau biyu, kuma suna da haƙƙin a yi musu bayani da harshen da suke ji.

Hausa tana da kalmar barbara, wadda ta keɓanta ga dabbobi, babu kunya a faɗinta a gaban manya. In muka ce barbarar hannu, mun faɗi gaskiyar abin: rago yana nan, shi ne uban, hannun mutum ya kai saƙo ne kawai. Ya kamata ma a riƙa nuna wa masu tumaki ragon da ido, ko hotonsa, a gaya musu asalinsa. Akwai kuma tambayar da za ta taso a kan kuɗi, domin hadisi ya zo da hani a kan karɓar kuɗin barbarar namijin dabba, malaman Malikiyya kuma suna da bayani a kan hayar namiji na wani lokaci sananne. Wannan fagen malaman fiƙihu ne. Abin da nake cewa shi ne a zauna da su tun kafin a fara, kada a bari sai magana ta tashi a masallaci.

Kammalawa

To, me za a yi? Ina ganin tsani ne mai matakai, ba a kuwa fara hawan tsani daga sama.

Mataki na farko ba ya cin ko kwabo: duk mai ragon turke nagari ya bar shi ya yi barbara na 'yan makonni kafin a ɗaure shi a shiga ciyarwa, ƙananan ragunan da ba a so su bar iri kuma a dandaƙe su ko a raba su da tumaki. Na biyu, unguwa ko ƙungiyar mata su haɗa kuɗi su riƙe rago ɗaya da likita ya duba lafiyarsa, a sauya shi bayan shekara ɗaya ko biyu don kada ya hau 'ya'yansa. Maƙwabtanmu sun nuna ana iyawa: tun shekarun 1960 akwai cibiya a Maraɗi da ke kula da irin jar akuya, ana fitar da bunsuraye zuwa ƙauyuka. Na uku, rubutu. Littafi ɗaya a kowace unguwa, da boko ko da ajami, a sa ranar haihuwa, da uwa, da uba, da wanda ya rayu da wanda ya mutu. A nan ɗalibanmu suna da aiki, musamman mata, waɗanda za su iya shiga cikin gida inda malamin dabbobi namiji zai tsaya a zaure. Sai an yi shekaru ana wannan, an san ragunan da suka cancanta, sa'an nan mataki na huɗu zai yi amfani, watau mota ta taso daga Shika da safe da irin rago ɗaya, kafin azahar an kai shi ga tumaki a unguwanni da yawa.

Ku ma'aikatan gwamnati, na san sayen kaya ya fi daɗin rubutawa a rahoton ƙarshen shekara, domin ana ganinsa, ana ɗaukar hotonsa. Littafin unguwa ba ya ɗaukar ido. Amma in aka kawo muku takardar sayen tukunyar naitirojin, ku tambaya ko an san ragon da za a zuba irinsa a ciki, da wanda ya shaida cewa shi ne nagari.

Da na koma Dutsen Abba na ba dattijuwar nan labarin tumakin Faransa, ta saurara har na gama, sa'an nan ta ce, "To, Malam, kafin motar taku ta zo, bana dai zan ce wa yaron nan ya kwance ragonsa ya kwana biyu a cikin tumakina." Na ce mata ta riga mu hawa matakin farko.

 Allah ya sa albarka a dukiyarmu, ya ba mu damina mai albarka.